Fayil Ɗinka Yana Cikin Ɗakinka, Me Ya Kai Shi Intanet?

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a tsakanin matasan da suka fara koyon kwamfuta, musamman ɗaliban da aka ce su girka Linux a cikin VirtualBox. Ɗalibi yana da fayil a Windows ɗinsa, yana so ya shigar da shi cikin Ubuntu ko Kali da ke buɗe a wata taga a kan wannan laftof ɗin dai. Sai ya buɗe WhatsApp ko Telegram ko Gmail ya tura wa kansa, ya koma ɗaya tagar ya sauke. A ganinsa aiki ya yi kyau.

Amma bari mu bi sawun wannan fayil. Ya bar laftof, ya bi ta wayar da ke ba da hotsfot, ya hau turken sabis na unguwa, ya bi layukan kamfanin waya har zuwa manyan kwamfutocin Meta ko Google, sannan ya juyo ta wannan hanya ya dawo kan teburin da ya baro. Kamar mutumin Kafin Hausa ne zai aika wa maƙwabcinsa tuwo, sai ya sa kwanon a motar Legas, ya biya kuɗin zuwa, ya biya na dawowa. Idan fayil ɗin megabayit 500 ne, an ci maka gigabayit guda, domin ɗorawa data ce, saukewa ma data ce.

Ra'ayina shi ne, duk fayil ɗin da tafiyarsa ba ta wuce ɗakinka ba, bai kamata ka biya ko kwabo a kansa ba, kuma bai kamata ya bi ta hannun wani kamfani ba. Koyon yadda ake musayar fayiloli tsakanin kwamfuta da kwamfutar da ke cikinta ba aikin ƙwararru ba ne kaɗai. Shi ne darasin farko na fahimtar yadda na'urori ke magana da juna, kuma a yanki irin namu ya fi yi mana amfani fiye da yadda yake yi wa ɗalibin Landan ko Dubai.

Sadarwa daban, intanet daban

Tushen matsalar kalma ɗaya ce. Mun saba cewa "babu netwok" idan sandunan sabis suka ɓace a fuskar waya, har muka ɗauka cewa na'ura ba ta iya magana da 'yar'uwarta sai da izinin MTN ko Airtel ko Glo. Ba haka ba ne. Intanet babbar hanya ce da ta haɗa ƙananan hanyoyi masu yawa. Ƙaramar hanyar da ke tsakanin na'urori biyu a ɗaki ɗaya ba ta buƙatarta.

Abin mamaki, kowane matashi a Haɗejia ya san wannan a aikace, ko da bai taɓa jin bayaninsa ba. Duk lokacin da ka tura wa abokinka fim ta Xender, wayarka ce ke buɗe ƙaramar hanyar Wi-Fi, tasa ta shiga, fayil ya wuce kai tsaye. Ko babu layi a cikin wayoyin biyu zai tafi. Masu shagunan tura waƙoƙi da finafinai, daga kasuwar Haɗejia har Farm Centre a Kano, sun shekara da shekaru suna cin abinci da wannan hikima: mutum ɗaya ya sauke, ɗaruruwa su karɓa ba tare da data ba.

Me ya sa wannan ya dame mu fiye da wasu? Na farko kuɗi. A watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari, kuma kowa ya ji a aljihunsa. Na biyu, intanet ɗin kanta ba abar dogaro ba ce kullum. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku da ke gaɓar Afirka ta Yamma sun lalace, bankuna da kamfanoni a Najeriya suka shiga tasku. A watan Satumbar 2021 an rufe sabis gaba ɗaya a Zamfara, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. A watan Oktobar 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi kwanaki babu wuta saboda lalacewar manyan layukan lantarki. A duk irin waɗannan ranaku, wanda ya iya haɗa na'urorinsa a cikin gida aikinsa bai tsaya ba matuƙar batirinsa na da caji.

Mai masauki da baƙuwa

Ga wanda bai taɓa gani ba: akwai manhajojin da ke yanko wani yanki na ƙarfin laftof ɗinka su gina wata kwamfuta ta daban a ciki, mai babbar manhajarta da ma'adanarta da katin sadarwarta, duk na kwaikwayo. Kwamfutarka ta ainihi ita ce mai masauki, wadda ke ciki kuma baƙuwa. Mafi shahara a wajen ɗalibai ita ce VirtualBox, wadda kamfanin Innotek na Jamus ya saki kyauta a 2007, Sun ya saye shi a 2008, sannan ta koma hannun Oracle a 2010. Akwai kuma VMware Workstation Pro, wadda ita ma ta zama kyauta a 2024.

Amfanin abin a fili yake. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗejia, ba lallai ya iya sayen laftof biyu ba. Guda ɗaya ma sai an sayar da buhunan shinkafa ko riɗi kafin a haɗa kuɗinta. Da baƙuwar kwamfuta, zai koyi Linux ba tare da ya goge Windows ɗin da yake rubuta aikinsa na ƙarshen karatu a kai ba. Idan ya lalata baƙuwar, sai ya share ta ya sake girka wata.

Sai dai an gina baƙuwar ne da katanga a tsakaninta da mai masauki, kuma da gangan aka yi hakan. Ba ta ganin fayilolinka, kai ma ba ka ganin nata. Wannan katangar ita ce darajarta. Saboda haka ka sani tun farko cewa duk hanyar musayar fayil da za ka buɗe, ƙofa ce kake hudawa a jikin katanga. Tambayar ita ce: wace irin ƙofa, kuma wa zai iya bi ta cikinta?

Gidajenmu sun riga sun amsa wannan tambaya. Baƙo ba ya wuce zaure. Nan ake shimfiɗa masa tabarma, nan ake kawo masa abinci, nan yake barin kwano idan ya gama. Ba a miƙa masa makullin ɗakin maigida don kawai yana jin yunwa.

Hanya mafi sauƙi: foldar tarayya

Zauren nan a VirtualBox shi ne foldar tarayya. Ka ƙirƙiri sabuwar folda guda ɗaya a Windows, ka sa mata suna, misali "zaure". Ka shiga saitin baƙuwar, wurin da aka rubuta Shared Folders, ka zaɓi wannan folda, ka sa alama a kan Auto-mount don ta riƙa bayyana da kanta. Sharaɗi ɗaya ne: sai an girka wa baƙuwar ƙarin manhajar da ake kira Guest Additions, wadda ke ƙarƙashin Devices a saman tagar.

Idan baƙuwar Linux ce, foldar za ta fito a /media/sf_zaure. A nan ne mutane da yawa ke sarewa, domin suna danna ta sai ta ce ba su da izini. Maganin layi ɗaya ne: sudo usermod -aG vboxsf $USER, sannan ka fita daga asusunka ka sake shiga. Idan baƙuwar Windows ce, za ka same ta a \\VBOXSVR\zaure.

Abin da ya sa na fi son wannan hanya ga mai farawa shi ne ba ta bi ta katin sadarwa ko kaɗan. Ko ka cire wa baƙuwar sadarwa gaba ɗaya, foldar tana aiki. Babu data, babu sabis, babu wanda ke gefe da zai leƙa. Daƙiƙu kaɗan fayil ɗin da za ka yi rabin awa kana jiran ya hau Telegram ya isa inda za shi.

Hanyoyi uku, kuma ba ɗaya suke ba

Foldar tarayya ta ishi mai son ɗauko fayil kawai. Amma wanda ke son ya zama mai kula da hanyoyin sadarwa ko mai tsaron bayanai dole ya wuce nan, ya koyi haɗa na'urorin biyu ta hanyar sadarwa ta gaske. A saitin Network na VirtualBox akwai zaɓi da dama, uku ne suka fi muhimmanci.

Na farko NAT, wanda baƙuwa ke zuwa da shi tun asali. A nan tana ɓoye ne a bayan mai masauki. Yawanci adireshinta 10.0.2.15 ne. Tana iya fita intanet da datar mai masauki, amma babu wanda zai iya ƙwanƙwasa mata ƙofa daga waje, har shi mai masaukin, sai an yi saiti na musamman. Wannan ne dalilin da ya sa ɗalibai da yawa ke cewa sun gwada haɗawa ta ƙi. Ba lalacewa ta yi ba, haka aka tsara ta.

Na biyu Bridged Adapter. A nan baƙuwar tana fitowa fili, ta karɓi adireshinta daga hotsfot ko na'urar Wi-Fi ɗin da kake kai, kamar wata kwamfuta ce ta daban aka ajiye a kan tebur. Wayarka za ta gan ta, laftof ɗin abokinka ma zai gan ta. Duk wanda ke kan wannan Wi-Fi ɗin zai gan ta, har wanda ba ka sani ba.

Na uku Host-only Adapter, kuma shi ne nake ganin ya kamata kowane malami ya fara koyarwa. Hanya ce ta cikin gida zalla, daga mai masauki sai baƙinsa. Yawanci mai masauki yana ɗaukar adireshin 192.168.56.1, baƙuwar ta sami wani a wannan jeri. Babu intanet a kanta, kuma babu na waje. Idan kana buƙatar intanet a cikin baƙuwar, sai ka ƙara mata kati na biyu a kan NAT, kowanne da aikinsa.

Da zarar su biyun suna ganin juna, tura fayil ya zama wasa. Idan akwai Python a kwamfutarka, ka shiga foldar da fayil ɗin yake ka rubuta python -m http.server 8000 --bind 192.168.56.1, sannan a burauzar baƙuwar ka rubuta 192.168.56.1:8000. Jerin fayilolin zai fito kamar shafin intanet, alhali babu intanet. Idan Windows ta tambaye ka izinin katangar tsaro, ka ba ta, ka kuma rufe umarnin da zarar ka gama. Wanda ya ci gaba zai koyi scp, wanda ke tura fayil a kulle, da Samba, manhajar da Andrew Tridgell ɗan Ostireliya ya fara rubutawa a farkon shekarun 1990, wadda ke ba Linux damar musayar folda da Windows.

Ka lura da waɗannan lambobi masu farawa da 10 ko 192.168. An keɓe su ne don hanyoyin cikin gida, ba sa yawo a intanet. Ranar da ka fahimci dalilin da ya sa 10.0.2.15 ba ta amsa kira amma 192.168.56.101 tana amsawa, ka fahimci abin da wasu ke haddacewa zango guda ba tare da sun gane ba. Wanda ya tura wa kansa ta WhatsApp ya sami fayil ɗinsa, amma ya yi asarar wannan darasi.

Ƙofar da ka buɗe, wa zai rufe?

Ba ina cewa a buɗe komai ba ne. Gaskiya ma, wanda ya yi wannan aiki da ganganci gara a ce bai yi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kuskure mafi muni shi ne mutum ya mayar da dukkan ma'adanar C, ko foldar Documents ɗinsa baki ɗaya, ta zama foldar tarayya, don kada ya sha wahalar kwafa. Matasa da yawa suna girka baƙuwar kwamfuta ne don gwada manhajojin da aka fasa, ko fayilolin da suke zargi. Idan aka yi rashin sa'a ɗaya daga ciki na ɗauke da irin cutar da ke kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa, za ta kulle duk abin da baƙuwar ke da ikon rubutu a kansa, har da foldar da ka ba ta. Hotunan bikin gidanku, takardun makaranta, aikin shekara guda, duk sun tafi ta ƙofar da kai da kanka ka buɗe. Don haka folda ɗaya tak, ƙarama, kuma idan ɗauka kawai baƙuwar za ta yi, ka sa alama a kan Read-only. Idan kuma abu mai hatsari za ka gwada, ka cire foldar, ka kashe musayar kwafi da ja-ka-ajiye, ka cire katin sadarwar kafin ka danna.

Kuskure na biyu shi ne barin baƙuwa a kan Bridged a wurin da jama'a ke tarayya a kan Wi-Fi ɗaya, kamar ɗakin kwanan ɗalibai ko shagon intanet. Masu koyon tsaron bayanai suna girka irin su Metasploitable, kwamfutar da aka cika da ramuka da gangan don a koyi kutse a kanta. Sa irin wannan a kan Bridged daidai yake da barin shago a buɗe cikin dare a tsakiyar kasuwa. Wurinta Host-only ne, babu wani.

Kuskure na uku ya shafi tsofaffin darussa da ke yawo a YouTube, masu cewa ka kashe katangar tsaron Windows gaba ɗaya ko ka kunna SMB1 idan folda ta ƙi bayyana. Tsohuwar yarjejeniyar SMB1 ita ce cutar WannaCry ta bi a watan Mayun 2017, ta ƙofa mai lamba 445, ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har asibitocin gwamnatin Birtaniya suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Tun a ƙarshen wannan shekarar Microsoft ta fara daina kunna ta a sababbin Windows 10. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin laftof ɗin gwanjo da muke saya a titin Beirut a Kano wasunsu har yanzu Windows 7 ce a kai, wadda aka daina yi wa gyaran tsaro tun Janairun 2020. Windows 10 ɗin ma wa'adinta na gama-gari ya cika a Oktobar 2025. Mai irin wannan na'ura shi ya fi kowa buƙatar ya taƙaita ƙofofinsa.

Masu cewa WhatsApp ya fi sauƙi

Akwai hujjoji biyu da masu tura wa kansu fayil ke kawowa, kuma ba na raina su.

Ta farko ita ce sauƙi. Gaskiya ne, karon farko saita foldar tarayya zai iya cin minti 20, har da neman inda aka yi kuskure. Amma sau ɗaya ake yi. Tura wa kai kuwa kullum sai ka biya, kullum sai ka jira. Ga kuma iyaka: WhatsApp ba ya ɗaukar fayil da ya wuce gigabayit 2, kuma idan ba a matsayin takarda ka tura hoto ko bidiyo ba, sai ya matse shi ya rage masa inganci. Gmail kuwa megabayit 25 ne iyakar abin da za ka maƙala. Fayil ɗin girka Ubuntu na yanzu ya kai kusan gigabayit 6, babu ɗayansu da zai ɗauke shi.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi: wanda ya tura fayil ta intanet ya bar kwafi a wani wuri, ko da laftof ta lalace ko an sace. A ƙasar Haɗejia wannan ba maganar wasa ba ce. Duk wanda ya ga ambaliyar 2022, yadda ruwa ya mamaye garuruwa da gonaki a Haɗejia da Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma, ya san cewa a dare ɗaya mutum zai iya fita daga gida da kayan jikinsa kawai. Laftof ɗin da ta kwana cikin ruwa ba ta san mai masauki da baƙuwa ba. Baƙuwar kwamfuta, duk girmanta, babban fayil ne guda a kan ma'adanar laftof ɗin. Abin da ake kira Snapshot ma, wanda ke mayar da baƙuwar yadda take jiya, a nan yake zaune. Ba ajiyar tsaro ba ne.

Amma wannan hujja ba ta rushe maganata ba, rarrabe ta ta yi. Jigila daban, ajiya daban. Abin da ba za ka iya jure rasa shi ba, kamar aikinka na kammala karatu, da hoton takardun shaidarka, da lambobin manhajar da ka rubuta, yawanci ƙanana ne. Waɗannan ka ɗora su a Google Drive ko GitHub da gangan, a kan tsari, kafin damina ta yi nisa, ka kuma ajiye wani kwafin a filash a gidan ɗan'uwa da ke kan tudu. Google na ba kowane asusu gigabayit 15 kyauta, ya ishi wannan. Manyan kaya kuwa, irin su fayilolin girkawa da bidiyon darasi da abin da kake ɗauka daga wannan taga zuwa waccan sau goma a rana, waɗannan jigila ce, kuma jigilar cikin gida ba ta buƙatar motar haya. Datar da ka tsimin a jigila ita za ta ishe ka ajiya.

Wanda waya kawai yake da ita fa?

Mafi yawan masu karanta wannan shafi a waya suke karantawa, kuma wasu za su ce wannan zancen masu laftof ne. Ba haka ba ne, domin ƙa'idar ɗaya ce.

Tsakanin waya da waya akwai Quick Share, wadda Google da Samsung suka haɗe a farkon 2024, kuma tana cikin yawancin wayoyin Android ba sai an girka komai ba. Tsakanin waya da laftof akwai LocalSend, manhaja kyauta mai buɗaɗɗen tushe, babu talla, tana aiki a Android da iPhone da Windows da Linux. Ka kunna hotsfot, ka kashe data, ka haɗa laftof, ka tura. Idan ka saita ta tana saukewa a cikin foldar "zaure", fayil ya tashi daga wayarka ya isa cikin Linux ɗin baƙuwa ba tare da ya taɓa intanet ba.

Game da Xender da SHAREit, ba zan ce kowa ya goge su ba, amma a san abin da ake riƙe da shi. Indiya ta haramta su a watan Yunin 2020 tare da wasu manhajoji 57, kuma a Fabrairun 2021 kamfanin tsaro na Trend Micro ya bayyana ramukan da ya gano a SHAREit. Manhajar da ke neman izinin ganin duk ma'adanarka da inda kake, tana kuma cika maka fuska da talla, ya kamata ka tambayi kanka ko babu madadinta.

Bayan haka, baƙuwar kwamfuta ta fara shigowa cikin waya. A watan Maris 2025 Google ta sa wa wayoyin Pixel manhajar Linux Terminal, wadda ke gudanar da Debian a matsayin baƙuwa a cikin Android, kuma hanyar musayar fayil da ita folda ce ta tarayya. Abin da ya fara a wayoyi masu tsada yakan gangaro zuwa na talaka. Ranar da ya iso, wanda ya riga ya san ma'anar zaure ba zai yi kame-kame ba.

Abin da ya rage wa makarantu da ƙungiyoyi

Jigawa ba baƙuwa ba ce a harkar nan. Tun farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Saminu Turaki, aka kafa cibiyar koyon fasahar sadarwa ta Kazaure da kamfanin Galaxy a Dutse. Kashifu Inuwa Abdullahi, wanda aka naɗa shugaban hukumar NITDA a 2019, ɗan Haɗejia ne. Shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, da aka ƙaddamar a 2023 don horar da matasa miliyan 3, yana da mahalarta a jihar nan. Ana yawan maganar kawo intanet mai sauri, kuma muna goyon baya. Amma akwai abin da za a iya yi a wannan makon ba tare da jiran kwangila ba.

Yi wannan lissafi. Aji mai ɗalibi 50, kowa ya sauke Ubuntu da datarsa, gigabayit 300 ke nan aka ƙona a kan fayil guda. Da tsohuwar kwamfuta ɗaya da ƙaramar na'urar Wi-Fi, ko da ba a sa mata layi ba, mutum ɗaya zai sauke, sauran 49 su ɗauka cikin ɗakin karatu. A zuba mata fayilolin girka Linux, da VirtualBox, da littattafai da darussan da masu su suka yarda a raba kyauta. Reshen ƙungiyar ɗaliban kwamfuta ta NACOS a kowace makaranta zai iya ɗaukar wannan a matsayin aikinsa, ɗalibai su kafa, ɗalibai su kula, su miƙa wa na bayansu. Wanda ya kula da irin wannan na'ura shekara guda ya sami abin faɗa ranar neman aiki wanda ya fi takardar halartar bita.

Ga malamai kuma, roƙona shi ne kada a tsaya a "ku je ku girka Kali". A ware darasi guda a nuna bambancin NAT da Bridged da Host-only a aikace, a sa kowane ɗalibi ya tura fayil daga mai masauki zuwa baƙuwa da datarsa a kashe, sannan ya bayyana wa aji wanda zai iya ganin wannan fayil da wanda ba zai iya ba. Wanda ya iya amsa wannan tambaya ta biyu shi ne ya koyi abu.

Kai kuma mai karatu, gwajin ba shi da tsada. Yau da dare ka kashe data, ka ɗauki fayil ɗaya, ka kai shi daga wannan na'ura zuwa waccan. Idan ya ƙi, ka duba adireshin kowacce, ka duba wace hanya ka zaɓa, ka sake gwadawa. Idan ya tafi, ka rufe ƙofar da ka buɗe kafin ka kwanta.